Akushin Hajjo a Bakin Danga

A Garin Jika, wani ƙauyen Damargu da ke tsakanin Tanut da kwarin Tarka, ba a zubar da ragowar abinci a juji. Baba Gajere ake ajiye wa. Lokacin Nasara ba su riga sun iso ƙasar ba, sai dai a ji labarinsu a bakin fatake, ayarin Abzinawa kuwa yana ratsawa yana ɗibar gero, yana barin gishiri da dabino.

Gajere tsoho ne, ba mata ba ɗa. Bukkarsa tana can bayan shingen ƙayar da ya kewaye gari, a gindin wasu aduwoyi, shi da awakinsa da jaki guda. Kullum in hantsi ya ɗaga sai ya shigo da jakin, ya ɗora masa mangala da manyan goruna, ya bi gida gida. Ƙasarin da aka wanke gero da shi ya juye a gora, dusa ta shiga mangala, ƙanzo da tuwon da ya kwana ya yi tsami su ma su bi ta. Ba ya sallama irin ta mutane. Tsayawa yake a bakin danga ya ce, "Masu gida, awaki na gaisuwa." Mata su amsa daga ciki suna dariya. Ba a taɓa yin ciniki da shi a kan wannan ba. Shi dai kafin damina yakan kai wa kowane gida taki gona, mai jego kuma takan wayi gari ta ga ƙwaryar nonon akuya a ƙofarta.

Gidan Manzo ne na ƙarshe a zagayensa, don shi ne a jikin shinge, kusa da ƙaramar ƙofar da tsohon yake fita ta ciki. Manzo manomi ne mai ƙarancin magana. Matarsa Hajjo ita ce ke tara wa Gajere kaya, kuma nata ya fi na kowa yawa, domin har yanzu hannunta bai koyi auna tuwon mutum biyu ba. 'Yarsu Rahamatu, wadda ita kaɗai ta rayu cikin haihuwarsu, mahara ne suka ɗauke ta shekarun baya, ita da wasu mata da suka fita itace. Manzo ya bi sawu har ya ɓace a cikin rairayi, ya je Damagaram ya zaga kasuwa, ya tambayi madugai masu zuwa Agadas. Ba wanda ya ce ya gan ta. Da yake 'yar fari ce, Hajjo ba ta taɓa kiran sunanta ba ko tana nan, don kunya. Bayan ɓatan ma "yarinyar nan" take cewa, in ta ce.

Cikin bazarar wata shekara, ranar da zafi ya hana kaji motsi, Gajere ya tsaya a bakin dangar Hajjo ya daɗe yana gyara igiyar mangalar da ba ta kwance ba.

"'Yata, wata alfarma nake nema," in ji shi. "Tuwon da ya rage da ƙanzo, ki riƙa ware mini su daban. Kar su shiga ƙasari."

"Baba, awakin naka sun fara zaɓen abinci ke nan?"

"Akwai wadda ba ta son haɗi."

Hajjo ta yi dariya, ta ɗauko wani tsohon akushi mai tsaga a baki, wanda aka ɗinke da fata, ta zuba masa. Daga ranar ya riƙa tafiya da akushin, kashegari ya dawo da shi a wanke tas. Bayan 'yan kwanaki ya roƙi ɗan gishiri. Daga baya ya tambaya ko tana da tsohon zane da ba ta so. Ta ba shi, ba ta tambaye shi dalili ba. Ta ɗauka tsufa ne ya kama shi, yana cin abin da kansa, yana jin nauyin faɗa.

Ana dab da shuka, wata rana da azahar, masu dawowa daga rijiya suka ga jakin Gajere tsaye a kan hanya, tsakanin shinge da bukkarsa, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Tsohon yana kwance a gefensa, igiyar tana hannunsa, rai ya riga ya yi halinsa. Aka yi masa sutura kafin la'asar. Da aka sauke kayan jakin sai aka ga akushin Hajjo a can sama, an rufe shi da faifai, an naɗe da tsumma don kar ƙura ta shiga. Manzo ne ya kawo mata shi gida. Da aka yi sadakar uku wani ɗan ɗan'uwan Gajere, Haruna, ya zo daga wajen Tenhya ya kora awakin da jakin. Bukkar ta zauna haka nan, ba mai zuwa.

Mata suka koma zubar da ƙasari a bayan gida, kaji da karnuka suka samu. Hajjo ita ma ta yi haka da ƙasari da dusa. Amma wata rana da yamma, bayan sun ci tuwo, hannunta ya kankare tukunya ya zuba a akushin nan, ya rufe da faifai, ya kai bakin danga, kafin ta tuna babu mai zuwa. Ta tsaya tana kallonsa, ta ga ba za ta iya ɗaukewa ba. Ta bar shi a wurin.

Da safe ta tarar da akushin babu komai a ciki.

Ta ce karnuka ne. Amma faifan yana bisa akushin yadda ta rufe shi, an kuma ɗora masa dutse. Da ta duba ciki sai ta ga an goge shi da rairayi, ko maiƙon miya babu. Ta daɗe a tsugune. Da yamma ta sake zubawa, da safe ta sake tarar da shi haka.

Maƙwabciyarta Jummai ce ta fara gani, don dangarsu ɗaya. Ta leƙo ta ce, "Hajjo, wa kike ajiye wa?"

"Ban sani ba."

"Amma ana cinyewa."

"Ana cinyewa."

Jummai ta ja mayafinta ta rufe baki. "Tsohon nan a kan hanya ya mutu, bai ƙarasa zagayensa ba. Irinsu ba su kan kwanta da wuri. Ki daina, kar ki saba masa da gidanki."

Kafin rana ta faɗi maganar ta zaga gari. Aka samu waɗanda suka ce sun ji kukan jaki da asuba ta wajen aduwoyi, alhali jakin yana Tenhya. Wata ta ce ta ji ana cewa awaki na gaisuwa a bayan ɗakinta. Yara suka daina bin hanyar ƙaramar ƙofa, mata masu zuwa itace suka riƙa zagayawa ta gabas ko da ya fi nisa.

Hajjo ma ta ji tsoro da farko. Takan fito da sassafe, ta taɓa akushin da ɗan yatsa kamar mai taɓa garwashi. Sai ranar da aka yi yayyafin farko, ƙasa ta yi laushi, ta ga sawu a gindin danga. Sawun ƙafa ne ba takalmi, ya shigo ta wani rami da awaki suka yi a ƙarƙashin shinge, ya koma ta nan. Gajere faffaɗar ƙafa gare shi mai faso. Wannan siririya ce, ƙarama, ƙafar hagu tana ɗan jan ƙasa. Hajjo ta sa tafin hannunta kusa da sawun ta auna. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta zauna bakin gado, ba ta daka ba ranar sai da rana ta take.

Da Manzo ya dawo daga gona ta kai masa ruwa, ta tsuguna gefe.

"Malam, mace ce ke zuwa."

Ya sha ruwan ya ajiye moɗa.

"Na ga sawunta. Ƙafar irin ta yarinyar nan ce."

"Hajjo."

"Ka tuna matar nan ta Tarka da ta kuɓuto daga hannun mahara? Ai an ce sai da ta yi wata tana kwana a bayan garinsu, ta kasa shiga gidan ubanta. Kunya ce. Wa ya san abin da aka yi musu? Kuma duk gidajen garin nan, me ya sa sai namu?"

"Don ke kaɗai kike ajiyewa," in ji shi a hankali. Ya ƙara da cewa, "Kar ki ɗora ranki a kan wannan. Na roƙe ki."

Ba ta ji ba. Daga ranar abin da ke shiga akushin ya daina zama ragowa. Tuwo take ɗiba tun yana zafi, ta zuba miyar kuka da man shanu. Ta daka gumba da barkono kaɗan, yadda Rahamatu take so tun tana ƙarama, ta ƙunsa a ganye ta ɗora a kai. Da safe ba ta tarar da komai. Ta gwada tashi tun kafin kiran salla ta laɓe a bayan rumbu, amma duk ranar da ta laɓe ba a zuwa, sai ta ga abincin nan yadda ta bar shi, tururuwa na zagaye. Ta daina laɓewa, don kar ta kwanar da mutum da yunwa. Abin da take yi, in ta kai akushin da magariba sai ta tsaya ta yi magana da shingen, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗakinki yana nan. Babanki ba zai tambaye ki komai ba. Ni ma haka."

Iska ta kaɗa ƙaya, shi ke nan. Ta share ɗakin Rahamatu, ta yi masa sabon daɓe, ta shanya tabarma. Manzo yana ganin duk wannan, har ya rage cin abinci.

A cikin gari kuwa abin yana ta girma. Zanen Jummai ya ɓace daga kan danga. Aka ce an ga an zari zangarniyar gero a rumbun wani. Jaririn ɗan maigari ya kamu da zazzaɓi, kakarsa ta ce tun ranar da aka bi da shi ta ƙaramar ƙofa ne. Maza suka zauna a ƙofar maigari da liman, aka yanke cewa ranar Juma'a bayan an sauko daga salla za a je a yi addu'a a bukkar Gajere, a cinna mata wuta, ko mene ne a ciki ya nemi wani wurin.

Manzo ne ya gaya wa Hajjo, ranar Juma'ar da safe, yana ɗaura rawani, bai dube ta ba. Da ya kai ƙofa ya tsaya.

"Ranar da muka je kwance awakin tsohon, shimfiɗa biyu na gani a bukkar," in ji shi. "Ban gaya wa kowa ba." Ya fita.

Hajjo ta jira har gari ya yi tsit, maza sun tafi masallaci, mata sun shige inuwa. Ta cika ƙwarya da fura, ta ɗauki zanenta mai kyau na baƙi, ta fita ta ƙaramar ƙofa. Rana tana tsaka. Hanyar ba ta da nisa. Ta wuce inda jakin ya tsaya. Garken awakin babu komai sai turaku da busasshen kashi, igiya ɗaya tana lilo a reshen aduwa. Asabarin bukkar yana rufe.

Ta tsaya a bakin ƙofa. Tana jin numfashin mutum a ciki.

"Rahamatu," ta ce. Sunan ya fito mata baƙo a baki, don ba ta taɓa furta shi ba. "Rahamatu, ni ce."

Ba a amsa ba. Ta ɗaga asabarin ta sunkuya ta shiga.

Sai da idonta ya saba da duhun ɗakin sannan ta ga mace a maƙure a jikin bango, ta haɗa gwiwa da ƙirji, tana ɗaure da tsohon zanen da Hajjo ta ba Gajere. Shekarunta za su yi na Rahamatu. Amma baƙa ce wuluk, doguwar fuska gare ta, da wasu tsage a goshi irin waɗanda Hajjo ba ta taɓa gani ba a Damargu. Gashinta ya cukurkuɗe. A ƙafarta ta hagu akwai ƙarfen mari da guntun sarƙa, naman wurin ya kumbura ya haɗiye rabin ƙarfen, ƙuda na bi.

Hajjo ta ajiye ƙwaryar. Ta zauna daɓas a ƙasa. Ta daɗe tana kallon fuskar nan, tana neman ko da abu ɗaya da ta sani a cikinta. Babu. Sai ta kama kafaɗun matar ta girgiza.

"Ke wace ce? Wa ya ce ki ci? Ba ke na dafa wa ba."

Matar ba ta kare kanta ba. Ta runtse ido ta sunkuyar da kai, irin na wanda ya saba jiran duka. Ƙasusuwan kafaɗarta kamar kara a hannun Hajjo. Hajjo ta sake ta.

Can matar ta buɗe ido. Ta nuna ɗaya shimfiɗar, wadda ba kowa a kai, ta ce, "Baba?" Ta sake cewa, "Baba?" Da alama Hausarta ba ta wuce nan ba, sai "ruwa" da "tuwo". Hajjo ta gane ba wanda ya gaya mata tsohon ya rasu. Matar dai ta ga ya fita da jaki bai dawo ba, baƙi sun zo sun kore awaki tana ɓoye a cikin kwari, yunwa ta sa ta bi hanyar jakin har ta ga akushin da ta sani. Hajjo ta kwantar da kumatunta a tafin hannu, ta nuna ƙasa, ta shafa hannu a kan rairayi kamar mai rufe rami. Matar ta kalli hannun. Ba ta yi kuka ba, sai ta fara kaɗa jiki gaba da baya.

Inuwa ta rufe ƙofa. Manzo ne, yana haki, bai tsaya an shafa fatiha ba ya taho. Ya leƙa, ya ga matar, ya ga marin. Fuskarsa ta saki gaba ɗaya, sai a lokacin Hajjo ta gane shi ma ya sa rai, duk da abin da ya faɗa mata.

"Ba ita ba ce," in ji Hajjo.

"Na gani."

"Daga ayari ta gudo."

"Ayarin watan jiya ne, ko na kafin shi. In maigari ya gan ta, zai tsare ta har masu ita su dawo daga Damagaram. Ba zai yarda ya ɓata da Abzinawa a kanta ba." Ya juya ya dubi gari. "Masu ƙona bukkar suna tafe."

Hajjo ta warware zanen baƙin da ta kawo wa 'yarta, ta lulluɓe matar da shi har kai, ta kwashe 'yan zannuwan da ke kan shimfiɗarta. Manzo bai tambaye ta abin da take nufi ba. Ya sunkuya ya ɗauki matar, ba ta fi dami ɗaya nauyi ba, ya bi ta bayan aduwoyi ya gangara cikin kwari da ita, ya ajiye ta a cikin kabar goruba. Hajjo ta zauna kusa da ita ta riƙe mata hannu. Daga nan suka ji muryar liman yana addu'a, maza suna amsawa, sannan ƙarar ciyawa tana ci. Hayaƙi ya bi ta kansu. Matar ta ɗaga kai tana kallonsa har ya baje.

Da magariba, lokacin da kowa ke alwala, suka shigo da ita ta ƙaramar ƙofa, suka kwantar da ita a ɗakin Rahamatu, a kan sabon daɓen.

Kashegari Manzo ya je wurin Mato maƙeri, abokinsa tun na kaciya. Mato ya zo da magagari a cikin riga kamar mai zuwa duba garma. Da ya ga ƙafar ya girgiza kai, amma ya zauna ya yi aikinsa. Sai da ya zo sau da yawa kafin ƙarfen ya rabu, domin matar ba ta iya daurewa a daɗe. Ranar da marin ya fita ya naɗe shi a tsumma ya ce zai narkar ya yi lauje. A bakin ƙofa ya ce wa Manzo, "Ciwon ya shiga ƙashi. Ku dai yi abin da za ku iya."

Jummai ta sani, don ba a ɓoye nishin mara lafiya ga mai danga ɗaya da kai. Wata safiya ta shigo ba sallama, ta tsaya a ƙofar ɗakin, ta ga zanenta da ya ɓace an yi matashi da shi. Ta dubi Hajjo, ta dubi matar. Ta fita, ta dawo da garin bagaruwa da ɗan man kaɗanya.

"A wanke da ruwan ɗumi tukuna," ta ce. "Kuma in an tambaye ni, 'yar'uwarki ce daga kudu, ba ta da lafiyar kai."

Haka aka faɗa a gari, haka mutane suka karɓa, ko suka yi kamar sun karɓa. Jaririn ɗan maigari ya warke, aka ce ƙona bukkar ne ya yi amfani. Da ayarin ya dawo daga Damagaram ya yada zango a bakin rijiya, wani Buzu ya zaga yana tambaya ko an ga wata baiwa mai ɗingishi. Maigari ya ce shi bai gani ba, kuma gaskiya ya faɗa, don bai taɓa leƙa gidan Manzo ba, bai kuma aika a leƙa ba.

Matar ta ga damina. Akwai kwanakin da ta ji sauƙi har ta rarrafo tsakar gida ta zauna tana tsince wa Hajjo wake. Hajjo ta yi mata kitso, ta gwada koya mata sunayen abubuwa, tukunya, muciya, turmi, tana maimaitawa kamar yaro, wani lokaci har su yi dariya. Amma in Hajjo ta nuna ƙirjinta ta ce "Hajjo," sannan ta nuna na matar, sai ta kau da kai. Ba ta taɓa faɗin sunanta ba. Hajjo kuma wasu ranaku takan shigo ɗakin da kunu, ta hangi bayan mutum kwance a tabarmar 'yarta, zuciyarta ta yi tsalle kafin ta tuna. Irin ranakun nan takan ajiye kunun ta fita da sauri, ta daɗe a bayan rumbu.

Da gero ya fara fitar da kai zazzaɓi ya dawo, ƙafar ta yi baƙi har gwiwa. A kwanakin ƙarshe matar ba ta gane kowa. Kalma ɗaya take ta faɗi, tana kallon ƙofa: "Dibale. Dibale." Wani lokaci a hankali, wani lokaci da ɗan ja, kamar mai kiran wani daga nesa. Ta cika wata rana da hantsi, kanta a cinyar Hajjo, Jummai tana yi mata fifita.

Hajjo da Jummai suka yi mata wanka. Manzo ya ba da farin sawayen da ya ajiye don kansa aka yi likkafani. Da aka jera za a yi salla liman ya juyo ya tambayi Manzo sunan mamaciyar. Manzo ya buɗe baki ya rasa abin faɗa. Liman ya dube shi, ya dubi Mato, ya gyara tsayuwa ya ce, "Baiwar Allah," ya ta da kabbara. Aka rufe ta kusa da Gajere, don nan ne akwai wuri.

Bayan girbi ayari ya ci gaba da wucewa kamar kullum. Hajjo, wadda da ba ta zuwa zango, ta fara kai fura can tana sayarwa, don ta sami hanyar tambaya. Duk baƙon da ta ga alamar ya yi yawo sai ta ce masa, "Malam, a ƙasashen da ka taka, ka taɓa jin ana cewa dibale?" Wani Babarbare ya ce kamar sunan wani kogi ne can bayan Bagarmi, amma bai tabbata ba. Wani bawan madugu mai tsage a kumatu ya ce a garinsu da wata kalma mai kama da haka ake kiran uwa. Wani tsohon falke ya ce shi a saninsa sunan yaro ne, ya taɓa jin wata tana kiran ɗanta haka a wata kasuwa da ya manta sunanta. Mafi yawa suka ce ba su taɓa ji ba, suka sha furarsu suka tashi.

Ta tsufa tana tambaya. Manzo ya riga ta rasuwa, Jummai ta ɗauke ta ta koma gidansu. Jikokin Jummai sun taso suna jin tsohuwar tana faɗin kalmar in tana tsince ko tana kaɗi, ba tare da ta san tana faɗi ba, har ƙaramar cikinsu ta ɗauka sunanta ke nan, ta riƙa kiranta Kaka Dibale. Hajjo ta hana ta sau ɗaya, sau biyu, daga baya ta bari, tana amsawa.